Biyun Baki da Biyun Takarda

A'a, Wangeci, ba zan faɗa mata ba. In kin ga dama ki maimaita sau goma, kunnen dama ne ya mutu, na hagu yana ji sarai. Kin taso tun daga Nyeri, kin hau motar haya ta matatu har biyu, don ki kawo mini saƙon baffanninki: wai in kira Waithera, matar ƙaninki, in ce ta ajiye aikin gonar fure kafin Lahadi, in ta ƙi dangi sun cire hannu daga maganarta. Na ji. Wane hannu za su cire? A ina suka sa shi ban gani ba? Shekara tara yarinyar nan tana neman haihuwa, abin da na ga sun sa baki ne kawai, shi ma ba inda ake bukatarsa ba.

Ajiye jakar nan ki zauna. Tsayuwa ba ta ƙara wa magana gaskiya.

Na san abin da aka gaya muku a can. Wai likita ya sa mata lokacin allura, ita kuwa da yake fure ya fi mata ɗa, sai ta soka wa kanta sa'ad da ta samu sarari, awa shida kafin lokaci, ƙwayayen cikinta da za a kwasa a yi mata dashe suka zube. Ba haka ba ne? Kuma wai ni tsohuwa ina zaune a gidan ina shan shayi. To, shayin gaskiya ne, na sha. Sauran ki saurara, don ke ba ki nan, ni kuwa wata huɗu ke nan ina kwana bayan labulen can, tun da gwiwar nan ta kawo ni Naivasha. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kin taɓa ganin cikinta? Ba fuskarta da kuke gani a coci ba, cikin nake nufi. Ni na gani. Kewayen cibiyarta ya yi baƙi-baƙi kamar ayabar da ta faɗo daga mota. Allura kullum, wata rana har biyu, kuma ita ke soka wa kanta. Ranar farko ta ce, "Maitu," don Inna take kirana da harshenmu, "riƙe mini rigar." Na riƙe. Ni da na haife ku bakwai a kan buhu ban yi ƙara ba, sai da na kau da kai.

Ba allurar kaɗai ba. Yau ta huta, gobe sai Nairobi, a ɗebi jini, a leƙa cikinta da na'ura a ƙirga ƙwai. Tana fita zakara bai gama shawarar cara ba. Ta bi matatun farko, a duba ta, ta juyo, kafin rana ta kai tsaka tana tsaye a rumfar tantance wardi da farar riga, mata ɗari da ɗoriya a ƙarƙashinta, wannan ta yanke hannu, waccan ta haɗa dogo da gajere a ɗauri ɗaya, kowa "Madam, Madam." Ke da kike zaune a ofishin gunduma kina buga hatimi, in kika yi atishawa biyu sai ki ɗauki hutun kwana uku.

Me ya hana ta jira sai kakar fure ta wuce? Yawwa, tambayar kirki, da ita kika fara da mun daɗe da gamawa. Ta jira, har sau biyu. Yaushe kakar fure take wucewa? Turawan nan ba sa rasa wanda za su ba fure. Yau Kirsimeti, gobe ranar masoya, jibi ranar iyaye mata, gata wani ya mutu. Likita kuwa ya gaya mata a gabana, shekara talatin da tara, ƙwanta kullum raguwa yake yi, ba ya jiran jirgin kowa. Sai ta fara, abin ya faɗo a sati biyun nan na kafin ranar masoya, lokacin da ko mai naƙuda sai ta gama ɗaurin hannunta.

Kuma kada ki ce ta ɓoye wa mutanen gonar. Ta ɗauki takardar asibiti ta kai wa manajansu, Bwana Mutiso. Da bakinta ta ba ni labari, tana dariya irin wadda ba ta kai ido. Ya juya takardar gaba da baya, ya ce, "Waithera, ciwo ne?"

Ta ce, "A'a, Bwana."

"Ciki ne?"

"Tukuna."

Ya buɗe littafinsa ya nuna mata. "Kin gani, gida biyu gare ni a nan, gidan ciwo da gidan ciki. Abin da ba ciwo ba, ba ciki ba, a ina zan rubuta shi?"

Ta ce, "Rubuta shi a gefe."

Ya ce, "Gefe na maigida ne."

Shi ke nan. Sai ta riƙa biyan safiyar da ta ci da yammacinta da Lahadinta. Wannan ce matar da baffanki Gathogo ya ce ba ta damu ba, shi da ko hawan jini aka ce yana da shi sai ya tara 'ya'ya ya raba gado.

Abu biyu zan gaya miki, ki riƙe su, don a kansu maganar take. Na ɗaya, maganin nan sai a cikin sanyi yake zama. Gidan nan kin ga wutarsa, tana zuwa kamar baƙon da ake bi bashi. To a gona akwai ɗakin sanyi inda wardi ke kwana kafin a kai shi filin jirgi. Sai ta sa alluranta a gwangwanin abinci, ta tura bayan bokitai. Fure ya samu firji mai girman coci, jikana yana raɓe a bayansa. Na biyu, ba a shiga rumfa da waya. Kowa a bakin ƙofa yake barin tasa, har ita Madam ɗin. Asibiti kuwa da rana suke kira, bayan sun duba jinin safe. Don haka ta bar mini wayarta. Ta ce, "Maitu, in ta yi ƙara, danna koren, ki kara a kunnen hagu." Na ce ai ba yau na fara jin magana ba.

Ranar Litinin, rana na tsaka, ina tsince wake a ƙofar nan, wayar ta yi ƙara. Na danna koren. Wata nas ce, muryarta siririya kamar ta sauro.

"Waithera ce?"

Na ce, "Uwar mijinta ce. Faɗi, kunnena nata ne."

Ta ce, "Kaka, za ki iya riƙe saƙo?"

Na ce, "'Yar nan, na riƙe sirrin mijina shekara arba'in, saƙonki ne zai fi ƙarfina?"

Ta yi dariya, ta ce ƙwai goma sha ɗaya sun nuna. Allurar ƙarshe, wadda ke kwalinta daban, yau za a yi ta. Ita ce mai sakin ƙwan, daga an yi ta an fara ƙirga, ranar Laraba da safe likita zai kwashe su daidai gab da su faɗo. In an makara ba su saku ba, in an yi gaggawa sun zube kafin a zo. Ta ce, "Ƙarfe biyu, Kaka, bayan faɗuwar rana. Kada a wuce, kada a gaza."

Na ce, "Ƙarfe biyu bayan faɗuwar rana."

Ta ce, "Sake faɗa."

Na sake. Har sau uku, kamar mai karɓar baftisma.

Yanzu, Wangeci, ni agogona ɗaya ne, kuma yana sama inda kowa ke ganinsa. Rana ta fito da awa ɗaya, ƙarfe ɗaya. Ta faɗi da awa biyu, ƙarfe biyu. Haka uwata ta ƙirga, haka nas ɗin ta faɗa, haka ke ma kike faɗa in kina magana da bakin da na shayar. Amma ku 'yan makaranta agogo biyu gare ku, ɗaya a baki, ɗaya a takarda. Abin da bakinku ya kira biyu, hannunku takwas yake rubutawa, irin na Turawa. In kuwa kuka ga biyu a rubuce, to tsakar rana ce ta ɗan gota. Kullum kuna juya shida a cikin kai kamar mai juya waina, kuna ganin wayo ne. Ban taɓa cewa komai ba. Na dai san wainar da ake yawan juyawa wata rana sai ta faɗa wuta.

Dole saƙon ya isa gare ta, don a satin nan ba ta tashi sai duhu ya yi, allurar kuma tana can bayan bokitai. Gwiwata ba ta kai ni gona. Sai na faɗa wa wanda na faɗa wa. Kada ki tambaye ni wa, za mu zo wurin. Na faɗa yadda aka faɗa mini, har da faɗuwar ranar. Na ce a je bakin ƙofa a kira ta a gaya mata baki da baki. Aka ce mini, "Ba a kiran mutum daga rumfa a satin nan, takarda za a ba maigadi." Aka zaro biro daga aljihun gaba, aka yagi takarda, aka yi rubutu da sauri, ana duba agogon hannu. Na ce, "Karanta mini abin da aka rubuta." Aka ce, "Abin da kika faɗa ne mana." Na koma kan wakena. Wanda bai iya karatu ba ai ba ya gardama da biro.

Abin da ke takardar, daga baya aka karanta mini, kalma biyu ne da lamba ɗaya. Allura yau, biyu. Biyun da na faɗa da baki, shi aka ɗora a takarda yadda yake, ba a juya shi ba. Faɗuwar ranar kuma ta maƙale a cikin biron.

Takardar ta kai hannunta saura kwata biyun takarda, wato biyun rana, ta cika. Maman Cherono, abokiyar aikinta wadda teburinta ke kusa da ƙofa, ta ce ta ga fuskar Madam ta koma kamar toka. Don likita ya taɓa gaya mata allurar nan yawanci da dare ake yi. Ga takarda tana cewa yanzu. Kin ga ashe ta yi shakka. Mai shakka kuwa tambaya take so ta yi, wayarta tana kan cinyata a nan cikin wake. Ta ruga ofishin Mutiso. Babbar motar filin jirgi tana tsaye baki buɗe, ana loda kwalaye, shi yana bakin motar da takardunsa.

Ta ce, "Bwana, ara mini waya, minti biyu."

Bai ɗago ba. Ya ce, "Wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu. Asibiti zan kira."

"Asibitin zai tashi sama ne? Jirgi shi ne mai tashi. In mota ta fita ki kira har Holan."

"Bwana, kafin mota ta fita lokacin ya wuce."

Ya ɗago, a gaban masu lodi, ya ce, "Madam, wardi ja dubu arba'in ne a rumfarki ba a ɗaure ba. Su ma 'ya'yan wani ne."

Masu lodi suka yi dariya, don manaja in ya yi barkwanci dole a yi. Ta tsaya, ta dubi takarda, ta dubi agogon bango. An ce mata kada a wuce ko da minti biyar. Da ke ce, me za ki yi? Faɗa mini, tunda ke kika zo da hukunci. Ta shiga ɗakin sanyi, ta jawo gwangwani, ta shiga banɗakin mata, Maman Cherono ta tare mata ƙofa da ƙafa don sakatar ta karye tun bara. Ta soka. Ta fito ta koma kan wardi ja dubu arba'in, ta ɗaure su, mota ta fita a kan lokaci. Masoyan Turawa dai ba su yi asara ba.

Ranar, da yake motar ta tafi, sai ga ta ta shigo rana na shirin faɗuwa. Na yi murna, na ce ashe ta dawo ne a yi abin a gida cikin natsuwa. Na ɗora ruwa. Na ce, "Ina allurar? Biyu ta kusa."

Tana cire takalmi, ta ce, "Ai na yi, Maitu, tun biyu."

Na ce, "Wace biyun? Rana ko faɗuwa ba ta gama yi ba."

Ta tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Ba ta yi ihu ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta sa hannu a aljihun farar rigar, ta zaro takardar, ta shimfiɗa a kan teburin nan, ta danne da yatsa. Wanda ya rubuta yana zaune a kan kujerar nan da kike kai. Ya duba. Na ga leɓensa yana motsi, yana juya shidan da bai juya da rana ba.

Ta kira nas. Nas ta kira likita. Likita ya ce lissafin ya faɗa tsakar daren Talata, lokacin da ɗakin tiyatar ke rufe, mai allurar sa barci ma ba ya gari. Ta zo ranar Laraba da asuba, za a ga abin da ya rage.

Eh, ranar Talata ta je aiki. Na ga kin buɗe baki, rufe shi. Ta tambayi likita ko kwanciya za ta riƙe ƙwan, ya ce ko ta rataye ƙafa a rufin ɗaki ba zai riƙe ba. To ta zauna a nan ta yi me? Ta kalli fuskata, in kalli tata? Ta tafi, ciki a kumbure kamar an cika shi da tsakuwa, ta wuni a tsaye.

Laraba na bi ta, da gwiwar da komai. Na zauna a benci a waje har ƙafata ta mutu. Goma sha ɗaya aka ƙirga ranar Litinin. Biyu aka samu. Aka haɗa su da irin mijinta, a cikin biyun ɗaya ya kama. An sa shi a ƙanƙara, wai sai jikinta ya sauka, wata mai zuwa a mayar mata. Shi ke nan abin da muke da shi, Wangeci, ɗaya, ƙanƙani, ko ƙwayar gero ta fi shi. A kansa kuke ta taron dangi.

To ina labarinku ya samo asali? Zan gaya miki. Tun daren Litinin ɗin, ta same ni ina wanke kofi, ta durƙusa. Waithera da ko a coci gwiwa ɗaya take sawa, ta sa biyu. Ta ce, "Maitu, ki yi mini alkawari ba za ki faɗi sunan wanda ya rubuta ba."

Na ce, "Don me?"

Ta ce, "Ni na saba da bakinsu, ya zama mini kamar ruwan sama. Shi in suka taso masa zai karye, ni kuma wata mai zuwa ina bukatar wanda zai tsaya."

Na ce, "Wanda ya bari mace ta ɗaukar masa kaya, tsayuwar me zai yi?"

Ta ce, "Ki dai yi mini."

Na yi. Da Gathogo ya kira ranar Lahadi yana tambayar yadda aka yi, ita ta karɓi wayar. Ta ce, "Baba, ni na yi kuskure, aiki ne ya yi mini yawa." Ina zaune ina ji. Wanda ya kamata ya fizge wayar yana nan yana cin masara da wake, cokali na zuwa yana dawowa. Ban taɓa jin haushin cokali ba sai ranar. Kalma ɗaya ta ba ku, aiki, kuka ɗauka kuka ruga da ita har Nyeri kamar kare ya samu ƙashi.

Kuma kada ki ɗauka na bar Mutiso. Da sati ya zagayo na sa aka ɗora ni a babur har bakin gonar. Na ari kujerar maigadi na zauna a tsakiyar ƙofa, daidai inda babbar mota ke fita. Maigadi ya ce, "Kaka, mota za ta fita." Na ce, "Ta bi ta kaina, na ji an ce jirgi ba ya jira." Direba ya yi ta hon. Na juya masa kunnen dama. Can sai ga Mutiso, gajere ne ashe, na yi zaton zai fi haka.

Ya ce, "Mama, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Na zo ganin mutumin da waya ta fi ƙarfinsa ne."

"Wace ce ke?"

"Kakar abin nan da ba ciwo ba, ba ciki ba. An ce ba shi da gida a littafinka, na zo in ji ko za ka ba shi haya."

Ya ce doka ce, ba shi ya kafa ba. Na ce, "Uwarka tana da rai?" Ya ce tana Machakos. Na ce, "Wata mai zuwa za ku aika wa iyayen Turawa fure. Ita taka me za ka aika mata? In ba ka da abin aikawa, ni ina da labari, kuma na san hanyar Machakos." Mata sun fito shan iska, sun jeru a jikin shingen waya suna kallo. Direba ya kashe mota. Ka ga mutum yana duba agogo kamar zai cinye shi.

Kafin in tashi daga kujerar nan ya sa hannu a hutun kwana huɗu, ranar da asibiti suka kira, ko da a tsakiyar kakar iyaye matan ne. Ya kuma yarda wayarta ta zauna a aljihunta. A gefen littafin ya rubuta, na sa Maman Cherono ta karanta mini da ƙarfi, sau biyu, don yanzu na daina yarda da biro. Ashe gefen yana rubutuwa. Waithera ta yi kwana biyu ba ta yi mini magana ba, wai na kunyata ta. Ran na uku ta sayo mini man zafi.

To ga shi, gonar ta tanƙwara. Saura ku.

Kin ce ta zauna a gida ta huta. Ta huta da me? Wa kike tsammani yake biyan alluran nan, albashin ƙaninki na malamin firamare, ko addu'ar Gathogo? Bar ma wannan. Ke tun kina shekara ashirin da biyu aka daina kiran sunanki, kowa Maman Muriuki. Matar mai gidan hayar nan, yarinyar da ko girki ba ta iya ba, Maman wane. Ita kaɗai a layin nan ake kira da sunanta tsirara, Waithera, har yaran da aka haifa a gabanta. Wuri ɗaya ne a duniya ake sa mata wani abu a gaban suna, shi ne rumfar nan. Shekara goma sha ɗaya, daga mai share ganye a ƙasa har ta kai inda take. Ki dubi hannunta, ƙayar wardi ta rubuce shi tas, shi ne kawai rubutun da na iya karantawa. Ƙwan nan ɗaya ne, likita bai yi wa kowa alkawari ba. In ya kama, mun gode Allah. In bai kama ba fa? Kuna so ta waiwaya dama ba ɗa, ta waiwaya hagu ba aiki, sai ni da gwiwata da ku da bakinku?

Kada ki ce mini don ina son a sa wa jaririya sunana ne. Sunana yana kan jikoki uku, ɗaya ma ɓarauniyar sukari ce. Ya ishe ni.

Me kika ce? Sake faɗa, ta nan, ta hagu. Wai ƙila ni ce na ji ba daidai ba, tsohuwa ce, ba ta san agogo ba, takardar ma wa ya gan ta. Haka za ki je ki ce musu? To da kyau. Dama na san in an gaji da dukan jaki sai a koma kan taiki. Kuma dole sai na faɗi wanda ya rubuta, in ba haka ba babu wata takarda?

Ba zan faɗa ba. Na yi alkawari, kuma ni alkawarina a baki yake, ba ya bukatar juyi. Sunan mutum aka ce kada in faɗa. Ba a ce kada in ƙirga mutanen gidan nan ba. Mu uku ne, Wangeci, ni da ita da ƙaninki. Ɗaya tana rumfa cikin wardi lokacin da aka yi rubutun. Ɗaya ko sunanta ba ta iya rubutawa ba, da babban yatsa take karɓar kuɗin tsofaffi. Ke kika yi makaranta, cire biyu daga uku. Abin da ya rage miki, shi za ki kai wa baffanninki ranar Lahadi, ki ce na ce in akwai abin da za a ajiye a gidan nan, biro ne.